Tambayar da Ban Yi wa Aminat Ba

Wata goma sha ɗaya na yi ban taɓa ɗan kowa ba. Ni Zuwairatu, da na shekara tara ina duba yara a wani ƙaramin asibitin ƙauye can bayan Adogi, sai ga ni a teburin kati ina rubuta suna da unguwa. Na ce wa shugabanmu ciwon baya ne ya hana ni sunkuyo. Ya san ba haka ba ne, ni ma na san ya sani, amma mutum ne mai kawaici, ya bar ni.

Ga abin da ya faru. Ranar wata Talata aka kawo min jariri ɗan wata bakwai da zazzaɓi. Na duba shi, na ba da magani, na sallame su. Kafin la'asar ɗin Laraba ya rasu. Tun daga ranar, da na hango goyo ya shigo ƙofa sai in kau da kai. Kowa ya ce min kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda da haka, ni ma Musulma ce. Amma abin da ke cin raina daban ne: na bi duk abin da ke cikin takardar da aka manna mana a bango, layi bayan layi, ban tsallake ko ɗaya ba. To a ina na kuskure? Idan ban san inda na kuskure ba, da wane hannu zan sake taɓa wani yaron? Har na yanke shawarar da shekara ta ƙare zan ajiye aikin, in je in taya yayata sayar da atamfa a kasuwar Lafia.

Ana cikin haka sunana ya fito cikin waɗanda za su je kwas na sati biyu a Lafia, na ma'aikatan ƙananan asibitoci. Na sauka gidan yayata a Akurba, ban sa rai da komai ba. Na san irin kwas ɗin nan kamar yunwar cikina. A kunna majigi, wani mai kwat ya tsaya yana karanta mana abin da mu ma muke gani a bango, fanka na kaɗawa, rabin ajin na gyangyaɗi, ranar ƙarshe a ba mu satifiket a ɗauki hoto. Ina da irinsu guda shida a ƙasan akwati.

Wannan karon wata tsohuwar nas aka kawo, Hajiya Rekiya, gajeriya, da tabarau a rataye a wuya. Kowa Mama yake ce mata. Ko kallon majigin ba ta yi ba. Nata salon shi ne ta zo da labarin wani mara lafiya na gaske, ta yanka shi gida uku ko huɗu a ƙananan takardu. Sai ta karanta ta farko ta tsaya, ta zuba mana ido ta ce, "To, ga shi a gabanka. Me za ka yi?" Kuma ba a wucewa takarda ta gaba sai kowa ya rubuta hukuncinsa ya kife. Ta ce ta gaji da masu jira sai an faɗi amsa su ce dama sun sani.

Akwai wani Ashafa a cikinmu, dogo mai baki, wanda ya haddace littafi har da lambar shafi. Tun ranar farko ya fara mita, wai shi bai zo sauraron tatsuniya ba, a ba shi abin da zai rubuta. A rana ta biyu Mama ta kawo labarin wani manomi da aka kawo da damina yana amai da dalalar da miyau. Ashafa ya miƙe ya jero cututtuka biyar da Turanci, har da gyara kwalar riga. Sai wata Doosuur, Tibi ce daga wajen Agyaragu, wadda ba ta cika magana ba saboda ana yi wa Hausarta dariya, ta tambaya wane aiki mutumin ya yi da safiyar. Takarda ta gaba ta nuna feshin maganin ƙwari ya je yi, bakin injin ya toshe, ya sa bakinsa ya hura. Doosuur ta ce babanta ma haka yake yi, kullum sai sun yi faɗa. Ashafa ya zauna yana ƙunƙuni, amma na lura ya daina neman a ba shi abin rubutawa.

Ni dai ina can layin baya na naɗe hannu. Ban so abin ya burge ni ba, amma ya burge ni. Ban taɓa zama a aji awa uku ban duba agogo ba sai a nan.

Ranar Juma'ar satin farko Mama ta ajiye kwando a kan tebur. Ta ce labaranta sun ƙare, yanzu namu take so. Kowa ya rubuta labarin mara lafiya ɗaya da har yau bai bar zuciyarsa ba, kada ya sa sunansa, kada ya sa sunan gari, ya rubuta yadda abin ya faru daki-daki ba tare da kare kai ba. Sau uku ina rubutawa ina yagawa. Yayata ta ga takardu a kwandon shara ta tambaye ni ko wasiƙar saurayi nake rubutawa da tsufana. Ranar Litinin na jefa tawa a kwandon, na koma kujerata.

Ranar Talata Mama ta ɗauko wata, ta riga ta yanka ta gida uku. Da ta karanta layin farko na gane tawa ce.

Takardar farko ta ce: jariri namiji, wata bakwai, ɗan fari, zazzaɓi kwana biyu. Uwarsa ce ta goyo shi, kakarsa ta wajen uba na biye da su. An yi gwajin maleriya ya nuna akwai. Mama ta tambaya me za a yi. Ajin gaba ɗaya ya amsa da cewa a nemi alamomin haɗari: yana shan nono, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, yana farkawa in an taɓa shi? Wannan ko ɗan koyo ya sani, shi ne a manne a bangon kowane asibiti.

Takarda ta biyu ta ce an yi waɗannan tambayoyin. Kakar ta ce yana sha, sau ɗaya ya yi amai, bai yi jijjiga ba. Yaron na barci a bayan uwarsa, an ɗaga zane an duba shi, an auna zafinsa. Mama ta ce kowa ya rubuta. Mu ashirin da shida ne. Da aka buɗe, mutum ashirin da ɗaya sun ce a ba da maganin maleriya da na rage zafi, a sallame su, su dawo bayan kwana biyu. Daidai abin da na yi ke nan, har da Ashafa a cikinsu. Huɗu sun ce a riƙe shi awa ɗaya a ga yadda zai yi. Ni farar takarda na kife.

Na ɗauka idan na ga wasu sun yi irin nawa zan ji sanyi. Ban ji ba. Tsoro ne ya kama ni, da haushi. Na riƙa kallon ƙeyarsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da asibitinsa, kowanne da layin matan da ke jiransa, ina ce wa kaina ashe yaron nan duk inda aka kai shi cikin garuruwa ashirin da ɗaya haka za a mayar da shi gida.

Mama ba ta ɗauki takarda ta uku ba. Ta cire tabarau ta ce ga uwar da kakar sun miƙe za su fita, ko akwai mai sauran tambaya? Can sai Doosuur ta ɗaga hannu rabi-rabi.

"Mama, wannan tambaya duka, kaka ne ya amsa? Uwa bai yi magana ba?"

Mama ta duba takardar ta ce haka aka rubuta, kakar ce ta amsa.

Ashafa ya yi dariya ya juya yana yi mata bayani kamar mai koya wa yaro alif. Ya ce ai an faɗa tun farko ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban surukarta. Kunya ce, tarbiyya ce. Ma'aikaciyar da ta san ya kamata ba za ta tsare yarinyar mutane da tambaya tsohuwa na zaune ba, tsohuwar za ta fuskanta. Da yawa suka gyaɗa kai. Ni ma a raina na gyaɗa, domin abin da na yi ke nan, kuma a ranar har daɗi na ji cewa na san mutunci. Na gaida kakar, na ba ta kujera, na bar yarinyar tsaye kanta a ƙasa don kada in ba ta kunya.

Doosuur ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To na ji. Amma kaka ne yana ba shi nono? Kaka ne yana kwana da shi?"

Babu wanda ya yi wa Hausarta dariya a wannan karon. Wata goma sha ɗaya ina juya abin nan a kaina, ina zargin maganin, ina zargin abin gwajin, ina zargin idona, ban taɓa kawo wannan ba ko sau ɗaya. Da hannuna na rubuta cewa kakar ce ta amsa, kuma ban ga komai a ciki ba, saboda a wajena haka duniya take.

Mama ta karanta takarda ta uku. Layi ɗaya ce: washegari yaron ya rasu a gida. Ashafa ya tambaya a hankali ko ashe dai ya yi jijjigar. Mama ta ce ba ta sani ba, wanda ya rubuta ma bai sani ba. Mutum ɗaya ce ta sani, kuma ba a tambaye ta ba.

Daga nan gardama ta ɓarke, ita kuwa Mama ta ja kujera ta zauna kamar mai kallon wasa. Doosuur ta ce abu ne mai sauƙi, a ce wa kakar ta yi shiru a sa uwar ta yi magana. Matan ajin suka ce ba ta san abin ba, yarinyar za ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da ta buɗe baki. Wani dattijo da ya fi mu duka daɗewa a aiki ya ƙara da cewa in ka yarfa tsohuwa a gaban matar ɗanta, ka gama ganin yaran gidan, kantin magani za su koma. Sai ya zamana wadda ta ga ramin ba ta san yadda za a tsallake shi ba, mu da muka san hanyar kuma shekara da shekaru muna wucewa ta gefensa ba mu gan shi ba. Fiye da awa ɗaya aka yi ana ja, ana kawo dabara ana rushewa. A ƙarshe aka tsaya a kan abubuwa kaɗan. A girmama kakar, a saurare ta, sannan a ce bari a auna mata hawan jini tunda ta zo, wani ya ja ta gefe. A shiga da uwar bayan labule da sunan auna nauyin yaro. Kada a ce mata "ɗanki," a ce "yaron nan." Kada ma a tambaye ta ko yana sha, a ce ta sa shi a nono a gani. Yaron da ke barci kuma a tashe shi, komai daɗin barcin.

Mama ta ce to a gwada, da tsohuwar hanya tukuna, sannan sabuwar. Ta naɗe tawul ya zama jariri. Ashafa ya ari gyale ya zama kaka, aji ya ɗauki dariya. Doosuur ta zama ma'aikaciya. Da aka zo neman uwa, Mama ta bi layuka da ido har baya ta ce, "Zuwairatu, zo ki goya."

Na goya tawul na tsaya kaina a ƙasa. Ashafa ya baje a kujera yana maƙe murya, yana amsa komai da "lafiya lau, likita." Ana ta dariya. Ni kuwa ina tsaye a bayansa sai na tuna kaina shekara goma sha huɗu da suka wuce, a gidan surukaina, nawa ɗan farin yana tari har yana shiɗewa, ina wanke-wanke ina yi kamar ban ji ba, zuciyata kamar ta faɗo cikin kwanon. Nawa ya rayu. Sannan na tuna wani abin da ban sa a takarda ba don ban ɗauke shi komai ba: da za su fita ranar, yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwayo ta dube ni. Ni kuma na riga na kira mai bi musu.

Hawaye suka zubo min, na kasa tsayar da su. Ajin ya ɗauka wasan ne, har aka tafa. Ashafa ya ce wallahi na yi asarar kaina a aikin asibiti, fim ya kamata in shiga.

Da aka tashi na jira kowa ya fita. Mama na haɗa takardunta, ba ta ɗago ba. Na ce, "Mama, ni na kashe shi?"

Ba ta yi kamar ta yi mamaki ba, ban kuma tambaye ta yadda ta gane ba. Ta ce, "Zazzaɓi ne ya kashe shi, da ikon Allah. Ke kuma akwai tambayar da ba ki yi ba. Ba zan cire miki ko ɗaya daga cikin biyun ba, 'yata." Sannan ta ce yau mutum ashirin da biyar sun koyi tambayar a kan yaron nan, ba a kan yaran garuruwansu ba, kuma ni na kawo musu shi. Ta miƙa min takarduna uku ta ce labarin bai cika ba, ta huɗun tana wajen uwar.

Ranar Asabar bayan an rufe kwas na hau acaba daga Adogi na shiga ƙauyen su yaron da hantsi. Ko gaisuwar rasuwa ban iya zuwa ba a lokacin, don haka ƙafata ta yi nauyi a ƙofar gidan. Kakar, Inna suke ce mata, na same ta tana ɓarar agushi a inuwa. Ta gane ni nan take, ta yi ta murna wai likita da kanta, ta sa aka kawo ruwa, ta yi ta sa min albarka kan ƙoƙarin da na yi wa jikanta. Kowace albarka sai na ji ta kamar mari. Tsohuwa ce mai kirki, tana maganar yaron idonta na cikowa. Aminat, uwar yaron, ta gaishe ni daga nesa ta koma bakin murhu.

Na zauna iya yadda ya kamata, sannan na miƙe na ce Inna ta ara min Aminat ta taka min zuwa bakin hanya. Inna ta ce ai dole, baƙo ba ya fita shi kaɗai.

Muka bi ta tsakanin gonakin rogo, ita a baya ni a gaba. Sai da gidan ya ɓace na tsaya na juyo. Na ce mata na zo ne in yi mata tambayar da ya kamata in yi mata tun ranar. Na ce, "Yaron nan, kafin ku zo wajena, yaya ya kwana?"

Da ta fara magana kuwa ba ta tsaya ba. Ta ce tun magaribar Litinin bai kama nono ba, ta sa masa ya saki, har ƙirjinta ya cika yana mata zogi. Da asuba ya sanƙare, idonsa ya juye, sau biyu. Inna ba ƙarya ta yi min ba, ɗakinta daban, kuma ita Aminat ta ji nauyin ta je ta ce mata ga halin da yaron ke ciki, sai kawai ta ce jikinsa da zafi. A asibiti ta yi ta jira in dube ta ko sau ɗaya, ta ce da na dube ta da ta faɗa, ko da a hankali ne. Barcin da na gani ba barci ba ne, tun a hanya ta san haka. Duk watannin nan ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta, domin a ganinta shirunta ne ya kashe shi.

Da a ce na ji wannan a ranar, da allura zan yi masa in sa su a mota zuwa babban asibiti a Lafia. Ko zai rayu ko ba zai rayu ba, Allah ne masani. Na gaya mata haka, ban rage komai ba. Na ce ita an koya mata ta yi shiru, ni kuwa an ɗauke ni aiki ne don in tambaya, saboda haka ta sauke rabin kayan ta ba ni nawa. Na nemi ta yafe min. Muka tsaya a tsakiyar gonar mutane muna kuka, wani mai keke ya wuce yana kallonmu.

Da muka ci gaba da tafiya ta ce ta ji matan gari na cewa na daina duba yara. Na ce haka ne.

"To, Anti, in kin daina, wa zai tambaye mu?"

Na ce mata ranar Litinin zan koma ɗakin duba yara. Sai da na faɗa na ji ashe da gaske nake.

Mun iso bakin hanya, ga ɗan acaba can yana tahowa. Na ce ta koma kada Inna ta ga ta daɗe. Ba ta motsa ba. Ta waiwaya ta dubi hanyar gida, ba kowa, sannan ta matso kusa da ni.

"Luqman," in ji ta. "Sunansa Luqman. Ban taɓa faɗa da bakina ba."

Na san sunan, ni na rubuta shi a kati. Na yi wa ɗan acaban alama da hannu ya wuce, na tsaya tare da ita har ta sake faɗa.